Ƙunshin Goggo Salamatu

Ranar da aka sauke Goggo Salamatu daga motar Bodinga, hannuwanta biyu cikin safa suke. Safar maza ce, baƙa, irin wadda babban ɗanta Mamman yake sawa in za shi ofis, an zura mata har kusa da gwiwar hannu, an ɗaure bakin da tsumma. Ina tsaye a ƙofar gidana na gani da idona, don katanga ɗaya ce ta raba ni da gidan ƙaramin ɗanta Abdulmalik a nan Shagari. Direba da Abdulmalik suka kinkime ta suka yi ciki da ita. Bayansu aka shigo da kayanta: ƙullin zannuwa, da bokiti, da wata shimfiɗar leda shuɗiya a naɗe, wadda zarninta ya riga ta shiga gidan.

Tun da ta faɗi a bayan gida ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba, sai 'ya'yanta biyu suka raba ta. Raba ta suka yi, ban da wata kalmar da ta fi wannan. In wata ya tsaya tana Bodinga gidan Mamman, sai a ɗauko ta a kawo Shagari. In wani ya tsaya, a mayar. Mutanen gari suna ta sa musu albarka, wai ga 'ya'yan kirki, babu wanda ya yarda ɗan'uwansa ya fi shi lada. Ni ma da farko na sa musu albarkar, Allah ya gani.

Sunana Ramlatu, kuma a hannun Goggo na koyi wankan gawa. Shekara da shekaru duk macen da ta rasu a unguwarmu, har su Horo Birni da Mandera in an aiko, ita ake kira, ni ina riƙe mata buta. Ita ta koya mini a taɓa ruwa da bayan hannu kafin a zuba, kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, domin mamaci ma ba a wahal da shi. Ita ta koya mini a juya jiki a hankali, a rufe abin da ba a wankewa. Kuma ita ta kafa mini doka tun ranar farko: abin da mai wanka ta gani a jikin gawa, da shi take shiga kabarinta. Ba miji, ba ɗa, ba aminiya.

Da na shiga gaishe ta, na ishe an kwantar da ita a ɗakin ƙarshe, mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, kan ledar nan ba ko zane a tsakani. Lokacin bazara ne, kwanon har ƙara yake yi don zafi. Tana ta murza bayanta a kan ledar, kafaɗa ɗaya sannan ɗayar. Ta ɗago mini hannuwan.

"Ramlatu, kwance min waɗanga."

Na kwance. Wallahi sai da na zauna. Fatar hannunta ta bushe ta yi fari tana saɓa kamar bayan tsohon tulu, ga tabon farce layi-layi, wasu sun warke wasu sabbi. Bayanta kuwa jajir, ya jiƙe da gumi da fitsari, ƙananan ƙuraje sun feso daga wuya har ƙugu. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo, babu wanda ya tuna a yanke su. Ta ce ba zafi take ji ba, da zafi ne da ta jure, ta haihu ta san zafi. Ƙaiƙayi ne, kamar kiyashi suna yawo ƙarƙashin fata, ba ya barci ba ya hutu, kuma inda ya fi cin ta can tsakiyar baya ne inda hannu ba ya kai.

Nusaiba, matar Abdulmalik, ta shigo tana turo tsohon ciki. Ganin safar a ƙasa sai ta rikice, ta ce don Allah in mayar, Alhaji ya ce kada a kwance, Inna tana yaga jikinta har jini. Ta ce daga Bodinga aka kawo ciwon, can suka bar ta cikin ƙazanta, amma ita tana iya ƙoƙarinta. Na tambaye ta wane ƙoƙari. Washegari na ga ƙoƙarin. Ruwa ta tafasa da ganyen dogon yaro, irin wankan jego sak, ta zuba garin sabulun wanki, ta ɗauko soson da ake cuɗa ƙafa da shi. Wai zafin ne zai kashe abin da ke cikin fatar. Fatar tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, wadda in ka ja ta da yatsa sai ta tsaya a tsaye! Goggo ta dantse leɓe. Wankan yakan kwantar da ƙaiƙayin na ɗan lokaci, shi ya sa suke ganin magani ne. Kafin la'asar ya dawo ya ninka.

Ban ga laifin Nusaiba duka ba, in faɗi gaskiya. Yarinya ce da ciki ya kai wata bakwai, ga girki, ga yara, ga ɗaga tsohuwa da sauke ta ita kaɗai. Mijin na kasuwa daga safe har magariba, yana dawowa ya leƙa ƙofar ɗakin ya ce, "Inna, an wuni lahiya?" Kafin ta amsa ya juya. Na tare shi a zaure na ce masa fatar uwarsa na lalacewa. Ya ce ai tsufa ne, wa ya taɓa warkar da tsufa. Na ce a cire ledar. Ya ce katifa sabuwa ce. Na ce a kai ta asibiti. Ya ce ciwon da aka samo a Bodinga, Bodinga ya kamata su biɗi maganinsa, shi ba zai ɗauki kayan da ba shi ya ɗaura ba.

Akwai wata malamar asibiti da ke haya a bayan layinmu, Malama Safiyya, an turo ta aiki daga wani gari. Na je na roƙe ta, ta zo bayan ta tashi daga aiki. Ta duba tsakanin yatsun Goggo, ta duba yaran gidan, ta ce wannan ba ƙazuwa ba ce, babu wanda zai ɗauka. Bushewar fata ce ta tsufa, sai fitsari da gumi da leda suka dafa ta, ruwan zafi da sabulun wanki suka ƙarasa. Ta ce a yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mai laushi, ba cuɗa, a tsane jiki da zane, a shafa man kaɗe tun fatar na da danshi. A shimfiɗa zanen auduga a kan ledar, a canza da zarar ya jiƙe, a riƙa juya ta, a yanke farce, a ba ta ruwa ta sha sosai. Ta ce kuma a kai ta a duba jininta, don wani ƙaiƙayin daga ƙoda ko hanta yake tasowa. Game da ɗaurin hannu, ta kalli Abdulmalik ta ce a daina.

Abdulmalik ya yi mata godiya har da rakiya. Da ya dawo ya ce shawara ce mai kyau ƙwarai, za a faɗa wa mutanen Bodinga, tunda wata ya kusa.

Sai na ɗauki abin da kaina. Kullum da hantsi in shiga da butata da kwanon man kaɗe, in taɓa ruwan da bayan hannu yadda ta koya mini. Na yanke mata farce, na kawo tsofaffin zannuwana masu laushi. Tana kwance rub da ciki ina shafa mata mai, sai ta riƙa tsokanata, wai ashe na iya wanke mai rai, ta ɗauka sai wanda ba ya iya ƙorafi. Na ce mata ai ke ma ƙorafinki bai fi na gawa yawa ba. Muka yi dariya. Ƙurajen suka fara kwanciya, ta fara samun barcin rana, har ta nemi a kawo mata carbinta.

Sai wata ya tsaya. Aka naɗe leda, aka zura safa, aka kira direba.

Na ba Abdulmalik kwanon man da zannuwan, na ce ya haɗa da bayanin Malama Safiyya. Daga baya na ga kwanon a kan tagar Nusaiba, ana shafa wa yara a ƙafa. Ban iya haƙuri ba, watan na tsakiya na hau mota na tafi Bodinga.

Gidan Mamman gida ne na gani na faɗa, da get da fenti da tankin ruwa a sama. Na yi ta bugu ba a buɗe ba. Maƙwabciya ta ce mai gidan na ofis, matarsa Farida na makarantar da take koyarwa, yara ma na makaranta, sai bayan azahar. Na ce tsohuwar fa? Ta ce tana ciki. Na zauna a dakalin ƙofar ina jira, rana na dukana. Ta tagar ɗakin da ke kusa da get nake jin wata ƙara, ƙiii, ƙiii, ba ta tsayawa. Gadon ƙarfe ne. Goggo ce ke goga bayanta.

Da Farida ta dawo ta buɗe, na ga abin da ya fi safa. An ɗaure wuyan hannuwanta da ɗankwali a jikin ƙarfen gadon, ɗaya nan ɗaya can, don ta koyi tuɓe safar da haƙori. Kofin ruwa na ajiye a gefe, ba hannun ɗauka. Zanenta ya jiƙe tun safe ya bushe ya sake jiƙewa. Ɗankwalin ya ci fatar wuyan hannun ya yi zobe. Goggo ta kalle ni, abin da ta fara tambaya shi ne ko an yi azahar. Ta ce in kwance ta ta yi taimama, don jiya sai da la'asar ta wuce aka tuna.

Farida ta ce ita ma ba a son ranta ba ne, amma ba za ta bar aiki ba, kuma in an bar hannun a sake, kafin su dawo zanin gado ya ɓaci da jini. Mamman ya iso, ya gaishe ni da fara'arsa ta ma'aikata, ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce ɗaurin nan kariya ce, ko a manyan asibitoci ana yi. Ya ce ciwon a Shagari ya samo asali, ɗakin kwano da ruwan rijiya, kowa ya sani. Ya ce yana da niyyar kai ta Sakkwato wajen likitan fata, amma ba shi da amfani a fara magani a nan, a mayar da ita can su ɓata. Sannan ya rage murya ya ce in yi haƙuri da maganganun Inna, kwanan nan ta fara ruɗewa.

Ruɗewa! Matar da ta tambaye ni lokacin salla, ta tambaye ni ko 'yar Ladan mai shayi ta haihu, ta gyara mini addu'ar da na karanta ba daidai ba. Na ce masa Mamman, ka ji tsoron Allah. Ya ce ai tsoron Allah ne ya sa bai bar ta a gidan ƙaninsa duk shekara ba.

Da wata uwar ce, da ta tsine masa. Goggo ba ta ko kalle shi ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido cikin ido ba. In za ta ambace shi sai ta ce "na Bodinga". Wannan kunyar ya samu ya jingina da ita, ya san ba za ta buɗe baki ta ce masa ya cuce ta ba.

Da aka dawo da ita Shagari, ɗankwalin ya biyo ta. Abdulmalik ya ga dabarar yayansa ta yi masa, ya sa aka kawo gadon ƙarfe. Bayan Goggo ya tashi daga ja ya koma miki, wurin ƙugu ya fara ruwa. Ran nan na kasa riƙe bakina, na tsaya a tsakar gidan na faɗa masa abin da ke raina, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Na ce ko akuyar layya ana kwance ta ta sha ruwa. Ya sha toka, ya ce uwarsa ce ba tawa ba, kuma daga yau kada ƙafata ta sake taka gidansa. Ya je ya faɗa wa mijina, mijina ya ce in zauna lafiya.

Na zauna, amma ba lafiya ba. Ɗakin Goggo da madafata katanga ɗaya ce. Ina tuƙa tuwo ina jin gadon, ina wanke-wanke ina jin gadon. Na aika wa matan unguwa magana, wasu suka ce sha'anin gida ne, wasu suka ce ai sun je gaishe ta, Nusaiba ta ce tana barci. Waɗanda suka samu shiga kuwa sun ishe ta lulluɓe da mayafi har wuya, fes, da turaren wuta a ɗakin. Suka fito suna cewa Ramlatu ce da neman magana.

Allah da ikonsa sai Nusaiba ta haihu, mace. Gidan haihuwa ba a hana mace shiga barka, ko ba a shiri. Na shiga na yi barka, na zarce ɗakin ƙarshe. Goggo ta rame, idanunta sun faɗa, amma suna nan da kaifinsu. Na kwance ta, na juya ta, na ga bayan. Hawaye suka zubo mini. Ta ce in share, ba kuka ta kira ni in yi ba.

"In na mutu, wa za ya wanke ni?"

Na ce, "Ni, Goggo, in Allah ya kai ni."

"In kin ga wanga bayan, mi za ki ce ma mutane?"

Na ci gaba da gyara mata zane. Ta maimaita. Na ce, "Ba ni cewa komi. Ke kinka hana."

"To shi suka jira," in ji ta. "Su kai ni gare ki, ki ruhe, likkahwani ya ruhe, ƙasa ta ruhe. A zo ana yi musu gaisuwa ana cewa sun yi jinya."

Sannan ta ce ranar suna in zo da wuri, in zauna kusa da ita, kada in matsa ko an kira ni cin abinci. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar suna da safe aka raɗa wa jaririya Salamatu. Maroƙi ya yi ta shela a ƙofar gida, Alhaji Abdulmalik ya yi wa mahaifiyarsa takwara, ɗan halak, mai tuna nono. Mamman ya zo daga Bodinga da babbar riga, shi ya kawo ragon. Da rana gida ya cika da mata, 'yan Shagari da 'yan Bodinga, dangin Nusaiba daga Dingyaɗi, tabarmi har bakin rijiya. Suna irin wannan, dole a fito da mai sunan a gan ta.

Suka fito da ita kan kujerar roba da matasai. An sa mata sabon leshi mai ƙyalli, irin mai kartar jiki, a kan wannan bayan, an ɗora babban mayafi. Hannuwanta na kan cinyarta, kowanne an naɗe shi da leda da tsumma har wuyan hannu, an haɗa su da wani ƙyalle ta ƙarƙashin mayafin. Farida na gaba tana faɗa wa duk wadda ta zo gaisuwa, an yi wa Inna ƙunshi ne, lalle bai kama ba tukuna, kada a taɓa. Mata suna ta dariya suna tsokana, tsohuwa ta ga takwara ta tuna kwalliya, amarya ta ina ango. Ni kuwa ina zaune a ƙafarta. Ina ganin kafaɗunta na rawa ƙarƙashin leshin, tana danne su.

Ta bari sai da aka gama rabon abinci, gida ya yi maƙil, aka kawo mata jaririyar a nuna mata. Wadda ta kawo ta tsohuwa ce, gwaggon Nusaiba daga Dingyaɗi. Goggo ta ce a ba ta takwararta ta riƙe. Gwaggon ta ce to ai hannun na cikin lalle.

"Kwance ki ga lallen," in ji Goggo.

Farida ta yi wuf ta ce bai kama ba. Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ya kama. Ramlatu, kwance."

Na warware tsumman, na zare ledar. Babu lalle, ko ɗigo. Ga yatsu sun kumbura sun yi fari don gumi, ga zobe biyu a wuyan hannu, ɗanye, inda ɗankwali ya ci nama. Gwaggon ta ja da baya da jaririyar ta yi salati. Surutun gidan ya fara mutuwa daga kusa da mu yana tafiya har bakin rijiya.

Goggo ta ce in sauke mayafin, in zuge rigar. Na ce mata a hankali, Goggo, mutane. Ta ce mata ne, kuma rabinsu ita ta wanke uwayensu. Na zuge. Leshin ya manne da mikin, sai da na jiƙa da ruwa kafin ya saki. Ta sa na juya kujerar, bayanta ya fuskanci taron.

"Ku duba da kyau," ta ce. "Mai wankan gawa ba ta hwaɗin abin da tag gani. Ni na koya ma Ramlatu haka, kuma ba ta saɓawa. Shi ya sa za ku gani yanzu, ina da raina, da bakina. Wadda tag gani yau, ba amana ta ɗauka ba. Ta tahi ta hwaɗi."

Wata ta fashe da kuka. Nusaiba ta fito daga ɗakin jego ta durƙusa a ƙofa ta rufe fuska. Farida na ta cewa ruɗewa ce, tsufa ne, amma babu mai sauraronta. Goggo ta ce a kira mata 'ya'yanta. Mata suka gyara lulluɓi, aka aika ƙofar gida.

Suka shigo suna murmushi, sun ɗauka hoto za a yi. Abdulmalik ne ya fara ganin bayan, ya tsaya cak. Bakinsa ya buɗe da abin da ya saba, ya ce ai daga Bodinga, Mamman ya katse shi ya ce ai tun a Shagari. A gaban mata fiye da yadda zan ƙirga, manyan maza biyu da babbar riga suna tura wa juna bayan uwarsu.

"Mamman."

Goggo ce ta kira shi. Shekarunsa hamsin da wani abu bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Tsofaffin da ke wurin suka sunkuyar da kai. Ta sa na juyo da kujerar, ta kalle shi cikin ido, ta ɗaga hannuwan biyu.

"Mamman, wanga na Bodinga na. Abdulmalik, wanga na Shagari. Kowa ya ga nashi, ku bar gardama. Na ji kunyarka tun kana cikin zane, kai ba ka ji tawa ba, to na aje ta yau. Ba ni komawa Bodinga, ba ni kwana ɗakin ƙarshe. Kuma duk wanda ya sake kawo ƙyalle kusa da hannuna, sai dai in likkahwani na."

Mamman ya cire hula ya mayar.

Ita kuwa ta juya ga gwaggon ta miƙa hannu. Aka ɗora mata jaririyar. Ta riƙe ta da waɗannan kumburarrun yatsu, ta tofa mata addu'a, ta ce Allah ya ba ta tsufa a hannun masu tausayi. Matan suka ce amin, amin ɗin da na tabbata an ji shi a ƙofar gida.

Ba mu jira izinin kowa ba. Mu huɗu muka ɗauki kujerar da Goggo a kai, muka fita ta zaure, ta gaban maza da maroƙi da ragon da ake soyawa, muka shiga gidana. Mijina na zaune cikin taron, ya kalle ni, na kalle shi, ya tashi ya buɗe mana ƙofa. Ledar shuɗiya a can muka bar musu.

Kafin mako ya zagayo, maganar ta kai Bodinga ta kai Dingyaɗi, ta shiga kasuwa. Sai ga 'ya'yan Goggo da mota, sai ga Sakkwato, sai ga likita da gwajin jini da maganin miki, abin da aka ce ba shi da amfani a fara. Ban ce tsoron Allah ne ya kawo su ba, ban kuma ce ba shi ba ne, wannan tsakaninsu da Shi. Matan unguwa suka raba kwana a tsakaninsu, wannan ta zo da hantsi ta taya ni juya ta, waccan ta wanke zannuwa. Malama Safiyya na leƙowa tana wanke mikin. Nusaiba, da ta gama jego, ita ma ta riƙa zuwa, kuma na koya mata taɓa ruwa da bayan hannu.

Ƙaiƙayin bai tafi duka ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma ya sauka har ta riƙa barci, in ya taso ta kira a shafa mata mai, ko ta sosa a hankali da tafin hannunta, hannunta nata, a sake. Ta ja carbinta, ta yi taimamarta a kan lokaci, ta ci tuwo da kanta. Abin da aka hana ta ke nan. Ruwa mai ɗumi, man kaɗe, tsohon zane, da mutum ya tsaya ya juya ta. Babu ɗaya da ya fi ƙarfin mai tankin ruwa a sama ko mai rumfa a kasuwa.

Na san ba ita kaɗai ba ce. Akwai ɗakin ƙarshe a gidaje da yawa, daga nan har Bodinga, da tsoho ko tsohuwa a ciki kan leda, an lulluɓe su da mayafi an kunna turare saboda masu gaisuwa. In kun je gaishe su, kada ku tsaya a ƙofa. Ku ɗaga mayafin, ku kama hannun ku duba. In an ce muku barci suke, ku ce za ku jira su tashi.

Goggo Salamatu ta ga damina biyu a ɗakina. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, ni na wanke ta, Nusaiba na riƙe da buta. Masu gaisuwa sun tambaye ni, wasu a fili wasu a kaikaice, ko zoben hannun ya ɓace, ko bayan ya warke. Ban amsa wa kowa ba, kuma ku ma ba zan amsa muku ba. Abin da na gani ranar wanka nawa ne har kabari. Wanda na ba ku labarinsa kuwa, ita ta buɗe shi da bakinta, ta ce a tafi a faɗa.